Maɗacin Ƙofar Gidan Jibo

A shekarar da hukuma ta aiko cewa ruwan madatsar Rusairis zai cinye ƙauyukan da ke sama da ita, Mati ɗan Jibo yana da shekara arba'in da ɗaya. Masassaƙi ne ɗan masassaƙi. Daga hillarsu, wato ƙauyensu, har kasuwar Rusairis da wuya ka ji ana luguden daka a turmin da ba daga hannunsa ko na mahaifinsa ya fito ba.

Shi Jibo yana goye a bayan uwarsa aka shigo da shi ƙasar Sudan, cikin ayarin mutanen Sakkwato masu niyyar Makka. Ayarin ya yada zango a bakin kogi don a yi noman damina guda a ƙara guzuri. Daminar nan guda ita ce ta zama shekara sittin. A nan Jibo ya girma, ya auri Kulu, ya kafa gida kusa da wani ƙaton maɗaci wanda mutum biyu ba sa iya rungume shi. A inuwarsa yake sassaƙa turame da akusa da kujerun mata, a nan ake shan shayin la'asar, a nan kuma ake raba gardamar iyakar gona.

'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu, Mati da Sa'idu, shekara goma tsakaninsu. Mati ya gaji ƙarfin uban da haƙurinsa. Sa'idu kuwa bahago ne, ga hannu mai kyau, amma ba ya gama abin da aka sa shi. A ba shi ice a ce ya fitar da muciya, sai a tarar ya huda shi nan da can yana leƙen rana ta cikin hudar. Jibo ya yi faɗa har ya gaji. Wani malamin makarantar Rusairis ne ya ga irin abubuwan da yake yi, ya matsa aka bar shi ya ci gaba da karatu a Madani, daga can ya wuce makarantar zane da sassaƙa a Hartum. Da Jibo ya rasu sai bayan kwana uku da binne shi Sa'idu ya iso. Ya kwana biyu ya koma, tun daga nan kuma ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ma'aikatan madatsa sun ce duk wani babban ice a sare shi kafin ruwa ya zo. Mati ya riga ya auna maɗacin da ido: kwalekwale guda zai fita, da turame shida, ragowar rassan kuma a yi akusa. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Hartum. Malam Mahmud limamin hilla ya karanta musu ita a zaure, yana juya Larabcin zuwa Hausa saboda Inna Kulu. Gaisuwar layi biyu ce. Sauran duk roƙo ne: idan an kayar da maɗacin, kada a tsaga gangar jikinsa, a aiko masa da ita sukutum.

Mati ya ce, "Shekara biyar bai tambayi wa ya mutu wa ya yi rai ba, sai ice zai tambaya?"

Inna Kulu ba ta kama sunan ɗanta na fari, sai ta ce masa Babba. Ta ce, "Babba, aika mishi. Kai ka sami gizagon ubanku, ka sami gonatai, ka same ni. Shi mi ya samu?"

Mati ya ɗauko gatarinsa. Kwana huɗu suka yi da maƙwabta suna sara kafin icen ya faɗi, ranar da ya faɗi kuwa matan hilla suka fito ƙofar gida suka yi cirko-cirko kamar an fita da gawa. Aka ɗora gangar a lori zuwa Damazin, aka sa ta a jirgin ƙasa na kaya.

Sabuwar hillar da aka ba su tana kan fako, nesa da kogi. An ja layuka a miƙe da igiya, an buga wa kowane fili lamba, babu ice ko na rataya buta. Wanda kuka yi shekara talatin katangarku ɗaya, sai ka tarar an jefa shi can ƙarshen layi na huɗu. Da ruwa ya taru, maza suka hau tudu suna nuna wa juna da sanda: nan ne masallaci, can ne rijiya, wancan wurin da tsuntsu ya sauka gidan wane ne. Kowa da inda yake nunawa, ba a taɓa yin ittifaƙi ba. Mati ya kafa rumfar kara ya ci gaba da aiki, amma kullum da rana ta take sai ya ji ya ɗaga kai yana neman inuwar da ba ta nan.

Bayan shekara uku, da kaka, wani kati mai kauri ya zo. Malam Mahmud ya ce gayyata ce, za a nuna ayyukan Ustaz Sa'id Jibril ga jama'a a Hartum.

"Wane ne kuma Sa'id Jibril?" in ji Barakatu matar Mati.

"Ƙanen mijinki," in ji liman. "Haka suke kiransa can."

Inna Kulu ta ce ita ƙafarta ba ta kai ta tasha, balle Hartum. "Kai za ka tai. Ka dubo min shi da kyau, ka zo ka gaya min yadda ka gan shi, kada ka rage min komi." Ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a tsumma, Barakatu ta cika kwalba biyu da man riɗi.

Mati bai taɓa wuce Sinja ba. Jirgin ƙasan da ya hau ya bi ta kusa da Abu Na'ama, ya daɗe a Sinnar, sannan ya shiga Jazira, inda gonakin auduga suka miƙe har iyakar gani, magudanan ruwa sun ratsa su kamar an tsaga da wuƙa. A Hasahisa wata mai sayar da dafaffen ƙwai ta taga ta ji ya yi wa kansa magana da Hausa, ta ce, "A'a, ɗan'uwa, daga ina?" Ta ƙara masa ƙwai ɗaya kyauta. Wannan ce Hausar ƙarshe da ya ji kafin ya shiga birni.

Da tambaya ya kai wurin, da la'asar sakaliya. Wani dogon ɗaki ne mai farin fenti, fankoki na juyawa a sama, mutane masu wando da kwat da mata masu farin lulluɓi suna zagayawa da kofuna a hannu. Mati ya tsaya a bakin ƙofa da ƙullinsa. Ya hango Sa'idu tun kafin shi ya gan shi. Ya rame, gashin gaban kansa ya fara janyewa, yana magana yana yarfa hannun hagu kamar yadda Jibo yake yi.

"Sa'idu!"

Sa'idu ya juyo, fuskarsa ta washe, ya taho da sauri ya rungume shi. Mati ya ce, "Mun same ku lahiya? Inna na gaishe ka." Sa'idu ya amsa da Larabci. Ya tambayi lafiyar hanya da Larabci, ya ja shi wurin abokansa ya ce musu wannan babban wansa ne daga kudu, duk da Larabci. Mati yana jin Larabcin kasuwa sarai, da shi yake ciniki kullum. Amma bai taɓa yin sa da wanda suka sha nono ɗaya ba. Ya miƙa wa mutanen hannu ɗaya bayan ɗaya.

Maɗacin yana tsakiyar ɗakin, a tsaye. Ya fi mutum tsawo da kamu biyu. An feƙe ɓawon, an goge jikin har yana ƙyalli ja wur, sannan an bi shi ko'ina an fafe ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu, kamar tagogi, wasu a jere, wasu a karkace, sun fi ɗari. Mati ya sa hannu a ɗaya. Zurfinsa ya kai tsawon tafin hannu, sai ya ƙare. Ya gwada na kusa da shi, haka. Babu ramin da ya haɗu da ɗan'uwansa.

Wani malami mai tabarau ya tsaya kusa da icen ya yi jawabi mai tsawo. Mati ya tsinci kalma biyu da yake ta maimaitawa: madina, wato birni, da farag, wato wofi, wurin da babu komai. Ya ce masassaƙan zamani sun daina sassaƙa kamannin mutum ko dabba, yanzu abin da aka cire daga jikin ice ya fi abin da aka bari magana. Aka tafa. Mati dai lissafin kwalekwalensa da turamensa shida yake yi, ransa na ƙuna.

Da mutane suka ja baya sai ya zagaya bayan icen, inda ya fuskanci bango. Ya durƙusa. Daga gindi wata siririyar tsaga ta taso, ba ta fi kaurin zare ba, ta haura har gwiwarsa. Ya kara kunne ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

Sa'idu yana zaune a ɗaki guda a wani dogon gida a Hartum Bahri, ƙofofi goma sha biyu a jere suna kallon baranda ɗaya. Washegari da safe Mati ya fito alwala, ya yi wa mutum uku sallama. Ɗaya ya amsa ba tare da ya dube shi ba. Ya koma ciki ya tarar da Sa'idu yana hura risho. A ɗakin akwai gado ɗaya na igiya, da littattafai a ƙasa, da kofi ɗaya. Sai da aka wanke gwangwanin madara kafin su sha shayi su biyu.

Mati ya kwance ƙullin Inna ya ajiye a gabansa. Warin daddawa ya cika ɗakin. Sa'idu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya riƙe a hanci.

"Wancan abu da ka yi da icen Baba," in ji Mati, "mi ne ne shi?"

Sa'idu ya fara bayani da Larabci. Mati ya ɗaga hannu. "Ni ba baƙonka ba ne. In ba ka iya yi min da harshen da Inna ta yi maka goyo da shi, bar shi."

Sa'idu ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki Hausar ta fito a daddafe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Yaya, shekara goma sha uku ina garin nan. Ka ga ƙofofin nan na waje? Mutumin da ke bayan bangon nan, ina jin tarinsa kullum, ban san sunansa ba. Ran da na zo makaranta na yi magana, aka yi dariya, aka ce ga Batakure, sunan da suke kiran irinmu da shi. Sai na daina yin Hausa. Da ba ni da wanda zan yi da shi, sai ta fara guduna. Ran da aka ce ruwa zai ci gida, na ce to, yanzu ko na koma ina zan koma? Shi ne na roƙi icen. Na yi shekara biyu ina kallonsa ban taɓa shi ba. Da na ɗauki gizago, abin da ya fito ke nan. Kowa da raminsa, kowa shi kaɗai. Ban san wani birni ba sai wannan."

"Da ka zo ka ga an kwashe mu."

"Kunya ta hana ni. Ban zo jana'izar Baba a kan lokaci ba, da wane ido zan dubi Inna?"

Mati ya kurɓi shayinsa. Yana da maganganu da yawa da ya tanada tun daga Damazin, amma ya ga babu wadda za ta yi amfani. Sai ya ce, "Icenka zai tsage."

"Me?"

"Ka bar mishi zuciya a ciki. Baya na bushewa yana tsukewa, zuciya ta ƙi. Ka kuma kawo shi garin da iska ba ta da laima, ka huda shi ta ko'ina. Tsaga ta riga ta kama daga gindi. Kafin bazara ta wuce zai rabe biyu kamar goro. Baba bai gaya maka ba? Ko lokacin kana can kana leƙen rana?"

Suka tafi tare ya nuna masa. Sa'idu ya bi tsagar da farce, fuskarsa ta sauya. Ya tambayi magani. Mati ya ce magani ɗaya ne, a kwantar da shi a fafe zuciyar daga sama har ƙasa, a bar shi kamar ganga.

"In aka yi haka duk ramukan za su faɗa cikin juna," in ji Sa'idu. "Abin da nake nufi ke nan ya lalace. Ai don kada su haɗu na yi su."

"Wannan kai ka sani. Ni ice na sani. Ko ka bar nufinka ka tsira da icen Baba, ko ka riƙe nufinka ka kwashe shi gida biyu."

Sai da aka rufe nunin bayan kwana huɗu Sa'idu ya yanke shawara. A kwanakin nan Mati ya yi ta yawo shi kaɗai. Ya je inda koguna biyu suka haɗu, ya tsaya yana kallon ruwan da ya taho daga wajensu, wanda ya bi ta kan rijiyarsu da kabarin ubansu kafin ya iso nan. Ya wanke fuska da shi. Ya je kasuwar Omdurman ya duba turamen da ake sayarwa, ya ga aikin gaggawa ne, ya ɗan ji daɗi.

Aka kwantar da maɗacin a kan buhuna a ƙarƙashin wata rumfa a bayan makarantar. Wani maƙeri ya ƙera musu dogon ƙarfe mai baki kamar cokali, yadda Mati ya kwatanta masa. Mati ya kama daga gindi, Sa'idu daga sama. Aikin ba na gaggawa ba ne, don bangon da ke tsakanin ramukan siriri ne, sara ɗaya na ganganci zai ɓalle shi. Tun hantsi suke farawa, su tsaya azahar, su ci wake da burodi a bakin titi, su koma.

Da aka shiga cikin icen sosai sai ɗanyen ƙamshinsa ya taso, mai ɗaci-ɗaci, irin wanda ke manne wa riga. Mati ya rufe ido. Ƙamshin ƙofar gidansu ne da hantsi, lokacin da Jibo ke zaune a kan buzu, jan ɓarɓashi ya rufe masa ƙafafu, akuyoyi na cin ganyen da ya zubo, Inna na ƙwala kira daga cikin gida a zo a ɗauki kunu. Ya buɗe ido ya ga Sa'idu ma ya tsaya da aiki.

"Ka tuna ran da ka huda akushin liman?" in ji Mati.

Sa'idu ya tuntsire da dariya. "Baba ya bi ni da muciya har bakin kogi! Na shige kwalekwalen Ɗan'auta masunci na kwanta, ya tura ni tsakiyar ruwa, Baba na tsaye a gaɓa yana cewa ku dawo min da shi in kashe abina."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi ta tambaya, wa ya mutu, wa ya yi aure, ina aka kai gidan su wane, kuka mai rassa biyu ta hanyar gona ita ma an sare ta? Mati na ba shi amsa ta cikin ramin ice, murya na fita ta ɗaya bakin. Ɗaliban makarantar kan tsaya su saurara, su ga malaminsu yana wani harshe yana dariya har da hawaye. Sa'idu bai ko waiwaye su ba.

Ran kwana na tara ƙarfen Mati ya ci karo da na Sa'idu a tsaka. Suka share cikin, suka kankare, Mati ya ɗauko kwalaben Barakatu suka shafe icen da man riɗi ciki da waje har ya ƙoshi. Aka taru aka tayar da shi a tsakar makarantar.

Rana ta faɗo ta bakin sama, ta fito ta tagogin nan ɗari da wani abu, ta zuba a ƙasa dabbare-dabbare. In ka leƙa ta ɗaya sai ka hangi wasu goma, ka ga sararin sama ta cikinsu, ka ga idon wanda ke leƙe ta ɗaya gefen. Sa'idu ya zagaya shi sau uku a hankali, hannu a baya.

"Ba abin da na yi niyya ba ne," ya ce.

"Ya fi ko ya gaza?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Sai na zauna da shi tukuna."

Malamin nan mai tabarau ya zo ya duba, ya ce lallai a rubuta sunan Mati tare da na Sa'idu a jikin allon da ake ajiyewa a gindin icen. Mati ya ce a'a, shi gyara ya yi, ba a sa sunan mai ɗinkin ƙwarya a jikin ƙwarya. Abin da ya roƙa kawai, a riƙa shafa wa icen mai sau biyu a shekara, kada kuma a bar shi a rana tsaka.

Da ya koma gida Inna Kulu ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a rumfarsa, ta ce ya fara daga farko. Ya gaya mata ramar da Sa'idu ya yi, da kofi ɗaya, da ƙofofi goma sha biyu. Bai rage komai ba sai maganar Larabcin ranar farko. Game da icen kuwa ya yi ta kwatance da hannu har ya gaji, Barakatu ta ce ita dai abin da ta fahimta, an ɓata mata man riɗi kwalba biyu a kan abin da ba a daka a ciki.

"Yana cin abinci?" in ji Inna.

"Yana ci, ba da yawa ba."

"Ya ce zai zo?"

"Bai ce ba. Ni ma ban tambaye shi ba."

Da kakar riɗi ta zagayo, wata ranar Talata ana tsakar yanka, sai ga mutum ya sauko daga lorin Damazin da ƙaramar jaka, yana bin layuka yana karanta lambobin gidaje. Wata mata mai ɗauke da tulu ce ta gane tafiyarsa, ta ajiye tulun ta rangaɗa guɗa. Sa'idu ya kwana goma sha biyu. Ya shiga gona da lauje, kafin azahar hannunsa ya yi bororo, aka yi ta yi masa tsiya, yana ramawa. Da yamma yakan zauna a gaban Inna ta riƙa ba shi labarin ayarin da ya kawo kakanninsa, yana tambayarta sunayen garuruwan da suka ratsa.

Ranar komawarsa Inna Kulu, wadda ta shekara biyu ba ta wuce ƙofar gida ba, ta ce sai ta raka shi bakin hanya. Mati ya riƙe ta ta dama, Sa'idu ta hagu, suka taka a hankali har inda lori ke tsayawa. Aka ce zai zo da hantsi. Bai zo ba sai bayan azahar. Suka zauna su uku a inuwar wani tarin buhunan riɗi, tana riƙe da bakin hannun rigar Sa'idu, babu wanda ya yi ƙorafin jinkirin.